Kuɗin Kawu da takardun kamfanin yaji

Sana'ar yaji a hannun mahaifiyata na koye ta, kuma shekarun farko a tsakar gida nake yi: a tsince barkono, a dandaƙa citta, a haɗa da masoro da kanumfari da kimba, a shanya, a kai niƙa, a tankaɗe, a ɗura a robobi. Masu saye 'yan unguwa ne da matan ofis da ke ganin hoto a WhatsApp, sai masu tafiya Umara da ke neman guzuri. A wannan matakin babu wanda ya taɓa tambayata wata takarda. Tambaya ta fara ne da wani babban kanti a nan Kano ya ce yana son yajin ƙuli da na tafarnuwa, amma bisa sharaɗi biyu: lambar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, a jikin roba, da asusun banki mai sunan sana'a, domin ba sa tura kuɗin kaya asusun mutum.

Na fara da CAC, hukumar da ke yi wa kamfanoni rajista, tunda da takardarta ake ƙwanƙwasa sauran ƙofofin. Ƙarshen 2018 ne, daidai lokacin da aka rage wa ƙananan 'yan kasuwa kuɗin rajistar sunan kasuwanci daga naira 10,000 zuwa 5,000. Ƙanena ya zauna da ni gaban kwamfuta. Suna biyu ake bayarwa a duba ko wani ya riga ka. Wanda ya tsallake sai a ajiye maka shi na kwana 60, kafin nan ka cika sauran bayanai ka biya. Sunan da na fi so an riga ni, na biyun ya wuce. Takarda ta fito da lamba mai farawa da BN, na haɗa da lambar haraji ta TIN, banki ya buɗe asusu. Wanda zai yi ciniki da ainihin sunansa kawai, doka ba ta tilasta masa rajista ba, amma da zarar ka raɗa wa sana'a wani suna, kwana 28 gare ka daga ranar fara ciniki. Wannan ne mafi sauƙi a duk abin da na bi ta kansa, kuma shi ne mutane suka fi jin tsoro. Sau da yawa mace takan biya wani ninkin-ba-ninkin kuɗi ya yi mata abin da ɗanta zai iya yi a waya.

A NAFDAC wuri ake fara dubawa, kuma tsakar gidanmu da yara da kaji da rijiya ba za ta tsallake ba. Dillali ya samo mini wani gida mai ɗaki huɗu a bayan gari, ya ce in biya shekara a ba ni rasit, shike nan. A nan ne wata ƙawata da muka yi sakandare tare, wadda yanzu lauya ce, ta shigo cikin lamarin, kuma har yau ita ke riƙe da takardunmu. Tambayarta ta farko: gidan na wane ne? Da aka bincika, ashe gidan gado ne da ba a raba ba, mai karɓar kuɗin hayar ɗaya ne kawai cikin magada. Barista ta ce ba za mu zuba tayil da silin a gidan da gobe wani ɗan'uwansa zai zo ya ce bai san zancen ba. Sai da magadan suka rubuta takardar wakilci, mai unguwa ya shaida, sannan aka rubuta yarjejeniyar haya ta shekara uku. A ciki aka faɗi ƙarara cewa abinci za a sarrafa a gidan kuma inji zai yi ƙara, an yarda in fasa ƙofa in sa ragar taga, an faɗi abin da zan ɗauka in na tashi da abin da zan bari, da tsawon sanarwar da za a ba ni kafin a ce in tashi. Wannan na ƙarshen ya fi damuna, domin adireshin wurin yana jikin kowace roba, kuma izinin NAFDAC da wurin da aka duba yake tafiya. In ka canza wuri, sai an sake zuwa dubawa.

Ranar dubawa jami'ai suka sa fararen riguna da huluna a ɗakin canza kaya, suka ce in bi da su hanyar da buhun barkono ke bi tun daga ƙofa. So suke su ga ɗanyen kaya ya shiga ta nan, wanda aka gama ya fita ta can, kada su haɗu a hanya. Wata jami'a ta durƙusa ta leƙa ƙarƙashin katakon da buhuna ke kai, ta zura hannu tsakanin buhu da bango ta tabbatar akwai tazara. Ta buɗe bakin injin niƙa ta shafa cikinsa da yatsa, ta ɗaga yatsan wajen haske ta ga ko akwai tsatsa. Suka nemi takardar gwajin lafiyar masu taɓa abinci, da ta feshin ƙwari, da littafin da muke rubuta lambar kowane haɗi da ranar yinsa. Suka bar mana gyara biyu, murfin magudanar ruwa da teburin katako da suka ce a sauya da na ƙarfe, sannan aka ɗebi samfuri zuwa ɗakin gwaji. Ƙuliƙuli ne ya fi tsaya mini a rai, saboda gyaɗar da ta sha danshi tana yin funfuna mai guba, gubar da ido ba ya gani kuma suya ba ta kashewa. Shi ya sa gyaɗarmu mu muke zaɓa a Dawanau mu kai a matse. Kowane nau'in yaji da lambarsa, kuma shekara biyar take yi a sabunta.

Cikin takardun da NAFDAC ke nema akwai shaidar cewa sunan da ke jikin robar naka ne, kuma takardar CAC ba ta wadatarwa a nan. CAC sunan sana'a take tsarewa, kada wani ya yi rajista da irinsa. Sunan kaya da tambarinsa kuwa ofishinsu daban ne, a ƙarƙashin ma'aikatar masana'antu da ciniki da zuba jari ta tarayya a Abuja. An kasa kayayyaki da ayyuka aji 45. Yaji yana aji na 30, man gyaɗa yana na 29, kuma rajistar aji ɗaya ba ta rufe ɗayan. Bayan bincike da biyan kuɗi sai a ba ka takardar karɓa, daga baya ta amincewa, wadda da ita muka je NAFDAC. Sannan a buga tambarin a mujallar ofishin, a jira wata biyu ko wani zai yi jayayya, kafin satifiket ya fito. Na farko shekara bakwai yake yi, kowace sabuntawa kuma shekara 14. Duk wanda ya taɓa ganin yadda ake kwaikwayon leda a kasuwanninmu, launi ɗaya, rubutu ɗaya, harafi guda kawai aka canza, ya san wannan kuɗin ba asara ba ne.

Duk wannan aikin, haya da tayil da inji, da kuɗin Kawu aka yi shi. Yayan mahaifiyata ne, ɗan kasuwar atamfa a Kantin Kwari, kuma da yake sunan mahaifiyarsu aka sa mini, Uwata yake kirana. Ranar da na je masa da maganar inji bai bari na kai ƙarshe ba, ya tura kuɗin ya ce, "Ki ƙara a jari, Allah ya sa albarka." Ba takarda, ba shaida, ba a ce ga ranar biya ba. Ni kuma duk shekara gab da azumi nakan ware wani abu daga riba in kai masa, ya karɓa ya yi addu'a. Haka muka tafi har 2021, lokacin da wani mai rarraba kaya a Abuja ya ce shi da kamfani kawai yake ƙulla yarjejeniya. Na je wurin Barista in ce ta mayar da sana'ar kamfani. Ta ajiye biro ta ce, "Kafin nan, kuɗin Kawu mene ne? Kyauta ce, ko rance, ko jari?"

Na ce ai Kawu ne. Ta ce ta sani, amma fom ɗin CAC yana da gurbin masu hannun jari da adadin na kowa, kuma dole a cike shi da lamba. Sannan ta warware mini. In kyauta ce, babu abin da yake bi na, abin da nake kai masa alheri ne. In rance ne, uwar kuɗinsa kawai zan mayar, kuma ƙarin da nake kaiwa duk shekara yana buƙatar a tambayi malamai. In jari ne, to yana da kaso a injin da sunan da duk abin da sana'ar ta zama, kuma ranar da ta Allah ta kasance kason na iyalinsa ne, matansa biyu da 'ya'yansa, waɗanda babu ɗaya a cikinsu da ya san yadda muka yi da shi. Ta ƙara da abin da ya fi ɗaga mini hankali. A dokar haɗin gwiwa, karɓar kaso daga ribar sana'a alama ce da kotu kan fara ɗauka cewa mutum abokin tarayya ne. Sunan kasuwanci kuwa ba ya raba mai shi da sana'arsa: bashin sana'a bashinka ne, ana iya bin sa har kan gidanka da motarka, kuma abokan tarayya tare suke ɗaukarsa. Wato da wata rana wani zai ci yajina ya kwanta asibiti ya kai ƙara, ko in ci bashin da na kasa biya, lauyan wancan ɓangaren zai iya miƙa hannu har shagon Kawu a Kwari.

Na daɗe ina juya maganar. A gidanmu ba a kai wa babba takarda a ce ya sa hannu. Gani ake kamar ba ka yarda da shi ba, ko kana hangen mutuwarsa. Sai na bi ta hannun mahaifiyata, ita ta fara yi masa shimfiɗa, sannan muka je tare bayan la'asar. Na durƙusa na gaishe shi, na faɗi abin da ya kawo ni kaina a ƙasa. Ya yi shiru, ya cire tabarau, ya ce, "Uwata, ni za ki kawo wa takarda? Na ce miki ina bin ki bashi ne?" Na ce, "A'a Kawu, Allah ya huci zuciyarka. Tsorona kada wata rana a taɓa dukiyarka saboda sana'ata, ko in ci haƙƙin iyalinka ban sani ba." Mahaifiyata ta ce, "Yaya, ka bari a ji ta bakin Malam."

Limamin unguwarsu bai ja zance ba. Ya karanto aya ta 282 a Suratul Baƙara, wadda ta fi kowace aya tsawo a Alƙur'ani, inda Allah ya umarci muminai su rubuta bashi in sun ƙulla shi zuwa wani ajali, a kafa shaidu, kuma kada a ƙosa da rubuta shi, ƙarami ne ko babba. Ya ce da rubutu rashin yarda ne, da ba a umarci Sahabbai da shi ba. Sannan ya bambance mana. A ƙiradi ɗaya ya kawo kuɗi ɗaya ya yi aiki, a raba riba bisa kason da aka yanka tun farko, rabi ko sulusi. In an yi asara ba da sakaci ba, mai kuɗi ya rasa kuɗinsa, mai aiki ya rasa wahalarsa. A tarayya kuwa kowa ya zuba dukiya, riba da asara su bi gwargwadon abin da kowa ya zuba. Abin da ba ya halatta shi ne a ce uwar kuɗi tana nan daram an lamunce ta, ga kuma ƙari yana zuwa duk shekara. Ya ce namu ya fi kama da tarayya, tunda ni ma na shigo da kayana da kuɗina, sai dai an bar kaso a duhu, kuma duhun ne ya kamata a kawar tun kowa yana da rai.

Daga nan Kawu ne ma ya karɓe zancen. Ya shiga lissafo shagunan da ya sani a Kwari, waɗanda masu su suka ƙare ƙuruciyarsu wajen ginawa, suka watse kafin shekara ta zagayo da rasuwarsu: an rufe shago ana jiran rabo, masu bin bashi sun taso, yaran shago sun kama gabansu da kwastomomi, wani ƙane ya ce akwai kuɗinsa a ciki, babu mai gaskata shi babu mai ƙaryata shi. Ya ce, "In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa." Ya aika a kira babban ɗansa, ya ce ya zauna ya ji komai da kunnensa.

Akanta ya zo ya ƙiyasta abin da ke ƙasa: inji, janareto, kayan da ke sito, basussukan da muke bi, da abin da aka kashe a kan lambobin NAFDAC da tambari. Aka auna kuɗin Kawu da abin da na zuba, aka tsaya a kan kashi 70 nawa, 30 nasa. Dokar kamfanoni ta 2020, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a watan Agustan shekarar, ta sauƙaƙa wa irinmu abubuwa da dama. Mutum ɗaya ma zai iya kafa kamfani yanzu. A da sai biyu, abin da ya sa mutane kan ari sunan mata ko na ɗa su cike fom, daga baya sunan aron ya zama rigima. Ƙaramin kamfani ba dole ne ya ɗauki sakatare ba. Mafi ƙarancin jarin da za a rubuta naira 100,000 ne, sai dai dole a raba hannayen jarin duka ga masu su, ba a barin wasu a rataye. Mu miliyan ɗaya muka rubuta, kowane hannun jari naira ɗaya. Duk mai riƙe da kashi 5 cikin ɗari ko fiye kuma sai an bayyana shi a matsayin mai faɗa-a-ji a kamfanin, don haka babu zancen ɓoye Kawu a bayan labule.

Takardar da ta fi ta CAC amfani a wurina ita ce yarjejeniyar da Barista ta rubuta tsakanina da Kawu, ta fassara masa ita layi-layi a zaurensa. Ni ce ke gudanar da kamfani, da albashina na wata wanda ba ya cikin riba. Riba sau ɗaya ake rabawa a shekara, bayan an ware na sayen kaya a kaka. Ba a cin bashin da ya wuce wani adadi, ba a sayar da inji ko tambari, sai da sa hannunmu mu biyu. Wanda zai sayar da kasonsa sai ya fara tallata wa ɗan'uwansa. In ɗayanmu ya rasu, kamfani ba ya tsayawa. Hannun jarinsa ne ke shiga gado, a raba shi yadda shari'a ta tsara, magada su wakilta mutum ɗaya ya yi magana da yawunsu, in kuma kuɗi suke so a ƙiyasta a biya su kashi-kashi cikin lokacin da ba zai karya sana'ar ba. Ba a taɓa haƙƙin kowa ba a nan. Masu tumuni, wato matan mamaci, za su sami tumuninsu cif, sai dai a hannun jari ko a kuɗi za su same shi, ba za a kwance inji a sayar wa 'yan gwangwan ba. In saɓani ya taso, a fara da sulhu a gaban dattawa biyu da muka ambata kafin a je kotu. Kawu ya sa hannu da ajami, ɗansa da mijina suka shaida.

Takarda ta fito da lambar RC. Sai kuma aikin da ba a cika faɗa wa mutum ba: duk abin da ke ɗauke da tsohon sunan kasuwancin sai da aka mayar da shi sunan kamfani, tambari, lambobin NAFDAC, yarjejeniyar haya, asusun banki. A wurin doka kamfani wani mutum ne daban, abin da ba a rubuta masa ba ba nasa ba ne.

Wannan rabuwar kullum ake rayuwa da ita. Kuɗin cefane da na makarantar yara daga albashina suke fita, ko da asusun kamfani cike yake. In 'yar'uwa za ta yi biki ta ɗauki katan, a rubuta, in biya daga jakata. Wasu a dangi sun ga kamar rowa ce. Amma kashi 30 na kowace naira a asusun nan na wani ne, kuma ban ga yadda zan je gaban alƙali in ce ni daban kamfani daban ba alhali ni da kaina ban bambanta aljihunmu ba. Kariyar ma tana da iyaka. Da muka nemi wani banki da ba ya mu'amala da kuɗin ruwa ya saya mana injin ɗura, sai da na sa hannu a matsayin mai tsaya wa kamfanin da kaina. Na sa nawa, na ƙi a sa na Kawu.

Haraji bai zo da nauyin da nake tsoro ba. Dokar kuɗi ta 2019 ta yafe harajin kamfani ga wanda cinikinsa bai wuce naira miliyan 25 a shekara ba, ta kuma ɗauke wa ƙananan karɓar VAT, harajin da ake ɗorawa a kan kayan saye, wanda ya tashi daga kashi 5 zuwa 7.5 a Fabrairun 2020. Sai dai biya aka yafe, kai lissafi yana nan: duk shekara cikin wata shida da rufe littafi sai ka miƙa bayanin cinikinka, in ba haka ba tara ta hau kanka ko sisi ba a bin ka. CAC ma tana jiran rahoton shekara-shekara, kuma kamfanin da ya daina kaiwa sai a nuna shi a shafinta a matsayin wanda ba ya aiki, abin da duk mai son hulɗa da kai zai iya gani a wayarsa. Sabbin dokokin haraji da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a Yunin 2025, waɗanda aka tsara su fara aiki a Janairun 2026, sun mayar da hukumar tara haraji ta FIRS zuwa NRS, sun kuma ɗaga iyakar cinikin abin da ake kira ƙaramin kamfani.

Yawancin masu yi mini aiki mata ne 'yan unguwa, sai samarin da ke kan inji. Dokar ƙwadago ta ce cikin wata uku da ɗaukar mutum a ba shi takarda mai faɗin aikinsa da albashinsa da lokutan aiki da yadda za a rabu. Da na miƙa musu wasu sun tsorata, sun ɗauka ta kora ce, sai da aka zauna aka karanta da Hausa. Mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa a 2024 bai hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, amma dokar diyyar ma'aikata ta 2010 ba ta ware ƙarami ba: kashi 1 cikin ɗari na jimlar albashi ake biya asusun NSITF, domin in inji ya ci yatsan yaro a sami inda magani da diyya za su fito. Matan da suka san awon haɗinmu sun sa hannu cewa ba za su fitar da shi ba. Hana su yin sana'ar yaji in sun bar aiki kuwa, Barista ta ce kotu ba ta karɓar hanin da ya wuce kima, ni ma ban ga adalci a ciki ba.

Mai rarraba kayan na Abuja ya so a tsayar da farashi na shekara guda. Barista ta ƙara layi ɗaya, cewa in farashin wani babban kayan haɗi ya tashi da fiye da rubu'i za a sake zama. A 2023 cuta ta afka wa gonakin citta a kudancin Kaduna, Kachia da kewaye, buhu ya ninka ya sake ninkawa. Da wannan layin muka koma teburi muka gyara farashi ba tare da an ɓata ba.

Bashi kuwa hanji ne, yana cikin kowa. Wani mai kanti a cikin gari ya riƙe mana kuɗin katan-katan masu yawa, yau da gobe har ya daina ɗaga waya. 'Yan'uwa suka ce a kai shi wurin 'yan sanda ya kwana ɗaya zai biya. Barista ta hana. Dokar 'yan sanda ta 2020 ta haramta kama mutum saboda bashi ko saɓa yarjejeniya kawai, kuma wanda ya sa aka kama shi zai iya ƙarewa da biyan diyya. Da cek ya ba mu ya dawo babu kuɗi, wannan laifi ne tun dokar 1977, mai ɗaurin shekara biyu, amma shi bai ba da cek ba. Sai muka je kotun ƙananan basussuka, wadda aka buɗe a Kano a 2019 don bashin da bai wuce naira miliyan 5 ba a lokacin, da nufin a gama shari'a cikin kwana 60. Takardar neman biya ake fara aikawa, in wa'adi ya wuce a cike fom, kuma mutum zai iya tsaya wa kansa ba lauya. Abin da muka riƙe takardun karɓar kaya ne masu sa hannun mai kula da sitonsa, da saƙon WhatsApp inda ya rubuta, "Hajiya a yi haƙuri zuwa ƙarshen wata." Da ya ga an buga saƙon a takarda bai yi musu ba. Ya roƙi a raba masa biyan kashi uku, na yarda, alƙali ya mayar da sulhun hukunci, kuma ya cika.

Yanzu abin da ke gabanmu Maraɗi ne. Wani ɗan kasuwa daga can yana sayen yajinmu a kanti yana tsallakawa da shi, ya zo ya ce a ba shi wakilci a Nijar. Rajistar tambarinmu a kan iyaka take tsayawa, ba ta da ƙarfi a can. Nijar tana cikin ƙungiyar OAPI mai rajistar tambari, mai hedikwata a Yaounde, inda rajista ɗaya ke rufe ƙasashe 17, har da Kamaru da Chadi, ta shekara 10, kuma Najeriya ba ta ciki. In wani ya riga mu rubuta sunan a can, wakilin ne ko waninsa, mu ne za mu zama baƙi a kan kayanmu. Tunda kuɗin ya haura adadin da zan iya kashewa ni kaɗai, na kai wa Kawu maganar, ɗansa yana zaune. Ya tambayi nawa ne, ya tambayi katan nawa mutumin ke ɗauka a wata, ya ce a yi. Mun gaya wa mutumin Maraɗi ya dakata sai takardar shigar da rajista ta zo hannu, kuma a sunan kamfani za a yi ta, shi wakilcin shekara biyu za a rubuta masa da iyakar jihohin da zai sayar.